Rugugin Jirgin Sama: Yadda Kimiyya Ta Rage Shi da Aikin da Ya Saura

Duk shekara idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato, motoci kan yi jerin gwano daga Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da su, suna raka maniyyata filin jirgin sama. A da, Kano ake nufa. Amma tun shekarar 2014, lokacin da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a zamanin mulkin Gwamna Sule Lamido, wanda shi ma mutumin Bamaina ne ta ƙasar Birnin Kudu, tafiyar ta gajarce. Duk dattijon da ya taɓa yin rakiya a Kano a shekarun 1970 ko 1980, sannan ya sake yin ta a wannan zamani, zai iya shaida wani abu: jiragen yanzu sun fi na da girma, sun fi ɗaukar mutane da kaya, amma ƙararsu ba ta kai ta na da ba. Jiragen da, idan za su tashi, sai an toshe kunne, tagogi na rawa, mai magana ya dakata har su wuce.

Wannan sauyi bai zo da kansa ba. Sakamako ne na binciken fiye da shekara saba'in da masana lissafi da injiniyoyi da masana halittu suka yi. Wannan maƙala za ta duba abin da ke haddasa ƙarar injin jet, da illar da take yi wa jikin ɗan Adam, da dabarun da aka bi aka rage ta, sannan da kason aikin da injiniya ba zai iya yi ba, sai jama'a da hukumomin da ke raba filaye.

Mene ne sauti?

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Ɗalibin Birnin Kudu ba ya bukatar zuwa nesa kafin ya ga misalin haka. A cikin duwatsun garin, kusa da kogunan da ke ɗauke da zane-zanen mutanen da, kamar na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai wasu duwatsu masu amo waɗanda idan an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙararrawa. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarar 1955. Abin da ke faruwa shi ne, bugun yana sa dutsen ya yi rawa, rawar tana matsa iskar da ke jikinsa tana sakinta, wannan matsawa da sakewa kuma sai ta bazu ko'ina da gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya.

Abubuwa biyu ne ke bambanta sauti da sauti. Na farko shi ne yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya, wanda shi ke sa sauti ya zama siriri kamar na sarewa ko mai kauri kamar na tambari. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Na biyu shi ne ƙarfin sautin, wanda ake aunawa da ma'aunin desibel. Raɗa tana kai desibel 30, hira ta yau da kullum kimanin 60, injin niƙa yakan haura 90, injin jet kuwa a lokacin tashi, ga wanda ke tsaye daf da shi, yakan kai 140.

Wannan ma'auni yana da wata ɗabi'a da ya kamata a kiyaye. Ba kamar mudu yake ba, inda biyu ya ninka ɗaya. Duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, ko da yake kunne yakan ji kamar sau biyu kawai ya ninka. Saboda haka ragin desibel 20, wanda a takarda bai taka kara ya karya ba, yana nufin an kawar da kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin sautin. Haka kuma, a fili mai sarari, duk lokacin da mutum ya ninka nisan da ke tsakaninsa da tushen ƙara, ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6.

Abin da ƙara ke yi wa kunne

Idan sauti ya shiga kunne, yakan bugi wata siririyar fata mai kama da fatar ganga. Daga nan wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum, sai su miƙa girgizar zuwa wata gaɓa da ke can ciki, mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu siraran gashi a kansu. Idan ruwan ya motsa, gashin sai ya lanƙwashe, ƙwayoyin su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ji.

Ana iya kwatanta waɗannan ƙwayoyi da ciyawar da ke kan hanya. Idan mutum ɗaya ya taka ta, takan kwanta ta tashi. Shi ya sa wanda ya daɗe kusa da lasifika a wajen biki yakan ji kunnensa ya toshe ko yana ƙugi, bayan kwana ɗaya ya ware. Amma idan garke ya riƙa bi ta kanta kullum, sai ta mutu, wurin ya zama turba. Babban abin damuwa shi ne, a jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa, ƙwayar da ta mutu ba ta sake tsirowa. A shekarar 1988 masana a Amurka sun tabbatar da cewa tsuntsaye suna iya sabunta nasu bayan ƙara ta lalata su, kuma tun daga lokacin ake bincike ko za a iya koya wa kunnen mutum wannan dabara, amma har yanzu babu maganin da ke yin haka. Ƙwayoyin da aka haifi mutum da su, da su zai yi lalle har ƙarshen rayuwarsa.

Masana lafiyar ma'aikata sun fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Desibel 85 shi ne iyakar abin da ya kamata kunne ya jure na awa takwas a rana. Duk ƙarin desibel 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan da ke tarbar jirgi a filin sauka suke rufe kunnuwansu da matosai.

Mazauna unguwannin da ke kusa da filin jirgi ba kasafai ƙarar ke kurmantar da su ba, amma tana cutar da su ta wata hanyar. Kunne ba ya barci. Ko mutum bai farka ba, wucewar jirgi da dare takan sa jiki ya saki sinadaran firgici kamar adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. Bincike da dama a Turai ya danganta daɗewa cikin irin wannan hali da hawan jini. Don haka a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage da dare ya wuce desibel 40.

Akwai kuma abin da ya shafi malamai kai tsaye. A shekarar 1992 aka rufe tsohon filin jirgin birnin Munik na Jamus aka koma sabo. Masana suka yi amfani da wannan dama suka gwada yara fiye da 300 kafin ƙaurar da kuma bayanta. Yaran da ke kusa da tsohon filin, karatunsu da riƙon abin da suka koya sun inganta bayan an rufe shi. Na kusa da sabon filin kuwa nasu ya ja baya. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya ƙunshi yara fiye da 2,800 a makarantun da ke kusa da manyan filayen jirgi na Ingila da Holand da Sifen, ya gano cewa a Ingila ƙarin desibel 5 na ƙarar jirage yana iya jinkirta ƙwarewar yaro a karatu da abin da ya kai wata biyu.

Daga ina rugugin yake fitowa?

Injin jet na farko ya ɗaga jirgi sama a Jamus a watan Agusta 1939, bisa aikin Hans von Ohain, yayin da Frank Whittle yake nasa aikin a Ingila. Jiragen fasinja masu irin wannan inji sun fara aiki a 1952, Boeing 707 kuma ya biyo baya a 1958. Aikin injin mai sauƙin fahimta ne: yana zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya fesa mata mai dangin kananzir ya kunna wuta, sannan iskar da ta yi zafi ta kumbura ta fita ta baya da ƙarfin gaske. Kamar yadda balan-balan ke yin gaba idan aka saki bakinsa, haka jirgi ke yin gaba saboda iskar da yake turawa baya. A kan hanyarta ta fita, iskar tana juya wasu fayafai masu fikafikai, su kuma su juya sashen da ke matse iska a gaba.

Mutane da yawa sukan zaci cewa ƙarfen injin ne ke yin rugugin, ko kuwa wutar da ke ci a ciki. A tsofaffin injuna, mafi yawan rugugin a wajen injin ake haifar da shi. Iskar da ke fita da gudun da ya kai mita 600 a daƙiƙa tana karo da iskar waje wadda take kusan a tsaye. A inda suka haɗu sai su yi ta yagar juna, su haifar da dubban ƙananan guguwa masu tashi suna mutuwa, kowace tana girgiza iskar da ke kewaye da ita. Wannan ya sa ba a iya maganin abin da salansa irin ta babur, domin ƙarar tana bayan injin da mita da dama.

Wanda ya warware wannan matsala a lissafe shi ne James Lighthill na Jami'ar Manchesta, a shekarar 1952. Ya nuna cewa ƙarfin ƙarar yana bin gudun iskar da ke fita ne idan aka ninka shi a kansa sau takwas. Ɗalibi na iya gwada wannan a allo. Idan aka ninka gudun sau biyu, ƙarar za ta ƙaru da 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2, wato sau 256. Idan aka juya lissafin, aka rage gudun zuwa rabi, ƙarar za ta ragu sau 256, kimanin desibel 24 ke nan. Ko kashi goma cikin ɗari kaɗai aka rage na gudun, fiye da rabin ƙarfin ƙarar ya tafi. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Babbar fanka

Tambayar da ta saura ita ce, yaya za a rage gudun iskar ba tare da jirgi ya rasa ƙarfin tashi ba? Amsar tana cikin dokar Newton: ƙarfin turi ya dogara ga abu biyu, yawan iskar da aka tura da kuma gudun da aka tura ta da shi. Ana iya tura iska kaɗan da gudu mai tsanani, ana kuma iya tura iska mai yawa a sannu, a sami ƙarfi iri ɗaya. Wanda ya hura iska da baki ta bututu zai ji shewa, amma wanda ya kaɗa babban mafici zai motsa iskar da ta fi wannan yawa ba tare da wani ya ji ba.

Sai injiniyoyi suka ɗora babbar fanka a gaban injin. Ƙaramin kaso na iskar da fankar ta zuƙa yana shiga cikin injin inda wuta ke ci, babban kason kuwa yana zagaye ta gefe ya fita ta baya yana da sanyi, ba da gudu mai yawa ba. Iskar gefen tana kuma lulluɓe mai zafin, ta shiga tsakaninta da iskar waje, don haka karon ya yi sauƙi. A injin JT8D na Boeing 727, wanda ya fara aiki a 1964, iskar gefe da ta ciki kusan daidai suke. A injin JT9D na Boeing 747, a 1970, iskar gefe ta ninka ta ciki kimanin sau biyar. A injin GE90 na Boeing 777, a 1995, ta kai kusan sau tara, kuma faɗin fankarsa ya haura mita uku. A 2016 kamfanin Pratt & Whitney ya fito da injin da aka sa masa giya tsakanin fanka da fayafan da ke juya ta, domin fankar ta riƙa juyawa a sannu, kimanin sau ɗaya a duk juyi uku na fayafan; a wannan injin iskar gefe ta ninka ta ciki kimanin sau 12.

Abin da ya sa kamfanoni suka rungumi wannan tsari da hannu biyu shi ne, tura iska mai yawa a sannu yana rage shan mai. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A dunƙule, jiragen zamani sun fi na farkon shekarun 1960 sauƙin ƙara da kimanin desibel 20.

Sauran dabaru

Da rugugin baya ya ragu, sai wasu ƙararrakin da a da yake danne su suka bayyana, musamman shewar fanka. Bayan fankar akwai jerin fikafikai tsayayyu masu daidaita iska, kuma duk lokacin da iskar da fiffiken fanka ya yanka ta bugi ɗaya daga cikinsu sai a sami sauti. A 1962 injiniyoyi biyu, Tyler da Sofrin, suka nuna cewa idan yawan fikafikai tsayayyu ya haura ninkin na fanka biyu, babban amon shewar yakan mutu a cikin injin kafin ya fito. Wato da ƙidaya kaɗai aka kashe wani kaso na ƙarar.

Dabara ta biyu tana jikin bangon injin ta ciki. An shimfiɗa masa faranti mai dubban ƙananan huji, a bayansa kuma akwai ramuka jere kamar saƙar zuma. Duk wanda ya taɓa hura iska a bakin kwalba ya san cewa kowace kwalba tana da amonta gwargwadon girmanta. Ana auna zurfin ramukan yadda amonsu zai dace da na shewar fanka. Idan sautin ya zo, iskar da ke cikin hujin takan yi ta kai da kawo da sauri, gogayya ta mayar da ƙarfin sautin ɗan ɗumi wanda ba a ji.

Dabara ta uku ana iya ganinta da ido. A jiragen Boeing 787, waɗanda suka fara aiki a 2011, da 747-8 da 737 MAX, bakin bayan injin yana da haƙora kamar na zarto. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tare da kamfanonin jirage ne suka gwada su. Haƙoran suna sa iskar injin ta cuɗu da ta waje a hankali, ta hanyar ƙananan guguwa maimakon manya. Sai dai suna ɗan rage ƙarfin turi, kuma Boeing bai sa su a sabon samfurinsa na 777X ba. Wannan ya nuna cewa a aikin injiniya kowace riba tana da farashinta.

A nan ilimin halittu yana da abin cewa. Mujiya tana farautar ɓera da dare, kuma ɓera yana da kunne mai kaifi, amma takan sauka a kansa bai ji zuwanta ba. A 1934 wani matuƙin jirgi ɗan Ingila mai suna Graham ya bayyana sirrin: gaban fiffikenta yana da tsinke-tsinke kamar mataji, bayansa yana da geza mai laushi, samansa kuma kamar karan-miski yake. Waɗannan suna farfasa guguwar iska kafin ta yi ƙara. Injiniyoyin Japan sun kwaikwayi wannan a shekarun 1990 wajen rage ƙarar sandar da ke ɗebo lantarki a saman jirgin ƙasansu mai gudun gaske, haka kuma ana sa irin wannan geza a fikafikan manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska. Tsuntsun da wasu ke jifa saboda camfi, ga shi ya zama malamin injiniyoyi.

A yau, idan jirgi zai sauka, ƙarar jikinsa, wato tayoyi da sassan fiffike da ake buɗewa, takan yi kusan daidai da ta injin. Alal misali, jiragen Airbus A320 sun daɗe suna yin wani fito idan sun doshi sauka. Da aka bincika sai aka ga wasu ƙananan ramuka ne a ƙarƙashin fiffike, iska na hura su kamar bakin kwalba. Wani ɗan guntun ƙarfe da ake maƙalawa a gaban kowane rami ya kashe fiton, kuma kamfanin Lufthansa ya fara amfani da shi a 2014.

Doka da tsofaffin jirage

Ilimi kaɗai bai isa ba sai da doka ta tilasta amfani da shi. Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta kafa ƙa'idar ƙara ta farko a 1971, ta tsaurara ta a 1977 da 2006, sannan a ƙarshen 2017. Amurka ta hana manyan jirage masu tsohon matakin ƙara aiki daga ƙarshen 1999, Tarayyar Turai kuma daga 1 ga Afrilu 2002.

Jiragen da waɗannan dokoki suka kora ba duka aka farfasa ba. Farashinsu ya faɗi, da yawa kuma aka sayar da su ga kamfanonin ƙasashe masu tasowa. A shekarun 1980 da 1990 samfurori irin su BAC 1-11 da Boeing 727, waɗanda suna cikin masu tsananin ƙara, su ne suka cika filayen jiragen Nijeriya. Ma'ana, ƙarar da mutanen Landan suka ƙi, mutanen Kano da Legas ne suka gaje ta. Darasin a nan shi ne, ƙasar da ba ta kafa ma'auninta ba, abin da wasu suka zubar shi za ta kwasa. Nijeriya ta dakatar da BAC 1-11 ne bayan hatsarin ranar 4 ga Mayu 2002, lokacin da ɗaya daga cikinsu ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano, mutum fiye da ɗari suka rasu, ciki har da waɗanda ke cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu. A 2009 kuma hukumar kiyaye ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da dokar da ta shafi ƙara.

Darasin Kano ga Dutse

A shekarar 2001 hukumar duniya ta bayyana cewa maganin ƙarar jirage ƙafa huɗu gare shi: gyaran injin, tsara amfani da ƙasar da ke kewaye da fili, gyara yadda ake tashi da sauka, da kuma taƙaita zirga-zirga idan ya zama dole. Misalin na uku shi ne jirgi ya riƙa gangarowa a hankali daga nesa ba tare da ya yi ta ƙara wa injin wuta ba. Misalin na huɗu shi ne filin jirgin Firankifot na Jamus, inda tun 2011 aka hana tashi da sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba.

Ƙafa ta biyu ita ce mafi arha, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Jirage sun fara sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Sa'ad da aka kafa filin da yanzu ake kira na Malam Aminu Kano, a bayan gari yake. Yau birni ya kewaye shi, gidaje da makarantu da kasuwanni suna ƙarƙashin hanyar jirage. Duk ragin da injiniya ya samu cikin shekara goma, gina unguwa ɗaya a bakin titin jirgi yana iya shafe shi, domin kamar yadda aka gani a baya, rage nisa zuwa rabi yana ƙara desibel 6.

Filin Dutse sabo ne, jiragensa ba su da yawa, kuma birnin bai gama cin ƙasar da ke kewaye da shi ba. Wannan dama ce wadda Kano ta riga ta rasa. Ƙarar jirgi ba ta bazuwa daidai ko'ina. Ta fi tsanani a doguwar shimfiɗa da ta miƙe daga bakin titin jirgi ta gaba da ta baya. Idan hukumomin tsara birane da masu unguwanni da dagatai suka kiyaye wannan shimfiɗa, aka bar ta ga noma da rumbunan ajiya da masana'antu, aka nisantar da makarantu da asibitoci da gidajen kwana, to an yi maganin matsalar kafin ta zo. Idan kuwa aka yanka ta aka sayar, bayan shekara ashirin sai dai rusau da biyan diyya, ko kuma a zauna cikin ƙara. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Kammalawa

Jirgin da ke ratsa samaniyar Birnin Kudu ko Gwaram yana can sama da kimanin kilomita goma ba ya cutar da kunnen kowa. Amma ilimin da aka samu wajen rage ƙararsa yana da amfani a kowace unguwa. Yaron da ke wuni a gaban injin niƙa, da makanike mai gwada babur ba salansa, da mai walda, da mai shagon da janareta ke ruri a gefen kujerarsa, da ɗalibin da ke ƙure ƙarar waya a kunnensa, dukkansu suna iya wuce desibel 85 ba su sani ba. Alama mai sauƙi ita ce: idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke nesa da tsawon hannu ɗaya ya ji magana, to wurin yana da hatsari. Matakan kuwa iri ɗaya ne da na jirgi: a gyara injin tun daga tushe, a sa masa salansa mai kyau, a nisantar da shi ko a gina masa ɗaki, a rage lokacin zama kusa da shi, sannan a sa matoshin kunne. Wanda kunnensa ke yawan ƙugi, ko ya fara cewa a maimaita masa magana, ya kamata ya je asibiti a gwada jinsa.

Malaman kimiyya suna iya kawo wannan darasi cikin aji ba tare da kashe kuɗi ba. Kwalabe masu ruwa daban-daban za su nuna yadda rami ke zaɓar amonsa. Manhajar auna desibel da ake sa wa waya, ko da ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, za ta ba ɗalibai damar auna ƙarar injin niƙa daga mita biyu, da huɗu, da takwas, su zana jadawali su gwada ƙa'idar desibel 6 da kansu. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara, wadda aka keɓe domin lafiyar ji a duniya, ta dace da irin wannan aiki. Ɗalibin da abin ya burge shi kuwa, ƙofa a buɗe take, daga sassan kimiyya na jami'o'i har zuwa Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, take kuma horar da matuƙa da injiniyoyi. Abin da ake bukata a fara da shi bai wuce lissafi da kimiyyar da ake koyarwa a makarantar sakandare ba.